Yadda za ka gode wa Allah idan tafiyarka ba ta da labari

Ranar da na sauka Jamus na kira Mama, ta ce, "To, ba ni labarin hanya." Na yi shiru ina laluben abin faɗa. Jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Rigasa ta Kaduna a kan lokaci, ya ajiye mu a tashar Idu ta Abuja lafiya lau. Na sama ya bar Abuja da dare, gari na wayewa muna Frankfurt. Jami'in shige da fice ya juya fasfona, ya karanta wasiƙar wurin da zan yi horo, ya buga hatimi. Akwatunana biyu suka fito a jere kamar tagwaye. Sai na ce, "Mama, ai ba abin da ya faru."

"Ba abin da ya faru?" in ji ta. "Wata uku ina azumin Laraba a kan wannan 'ba abin da ya faru' ɗin, kai kuma kana faɗinsa kamar an miƙo maka ɗumamen jiya."

Horon sanin makamar aiki na je, na wata shida, a wata cibiyar binciken iri kusa da Stuttgart, bayan na gama karatun aikin gona a Zariya. Tun da na dawo, matasan cocinmu a Wusasa da suka samu irin wannan dama sukan tare ni da tambayar biza da rigar sanyi. Nakan ba su amsa, sannan in ɗora musu abin da ba su tambaya ba: godiya ma shiri take so tun daga gida, kamar akwati. A coci, wanda motarsa ta wuntsila sau uku ya fito da rai shi ake miƙa wa makirfo. Wanda ya je ya dawo ko ƙwarzane babu yana can bencin baya, ya ma manta an taɓa durƙusawa dominsa. A Luka sura 17 kutare goma aka warkar, ɗaya ya dawo godiya, shi ma Basamariye. Ni ban ɗauki sauran taran mugaye ba. Sauri suke yi, akwai firist da za a gani, akwai gida da aka daɗe ba a shiga ba. Haka kai ma za ka kasance a makonka na farko a ƙasar mutane.

Rubuta abin da kake roƙo

Sayi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare ma ya isa. Ranar da wasiƙar karɓa ta zo, buɗe shafin farko ka rubuta kwanan wata, ka jera abubuwan da suke hana ka barci ɗaya bayan ɗaya. Kada ka rubuta "Allah ya sa komai ya tafi daidai". Addu'a ce mai kyau, amma in an amsa ta ba za ka gane ba. Ni abu 14 na rubuta. A ciki akwai samun ranar ganawa a ofishin jakadanci, da fitowar biza kafin ranar fara aiki, da kuɗin tikiti, da ɗakin kwana, da hanyar Kaduna zuwa Abuja, da kada in ɓata a filin jirgi, da kada hawan jinin Baba ya tashi ina nesa. Na ƙarshe har kunyar rubuta shi na ji: kada in yi amai a jirgi, don ban taɓa shiga ba.

Maganar biza ita ta fi cin shafi. Bizar Shengen, wato ta gajeriyar ziyara a Turai, ta kwana 90 ce. Wanda zai wuce haka, kamar ni, bizar zama ta ƙasar yake bukata, ita kuwa ba ta fitowa a kwana biyu. Makonnin jiran nan su ne lokacin da mutum yake addu'a da gaske, su ne kuma ya fi saurin mantawa. Ranar da aka miƙo mini fasfo da biza a manne, ban kai bakin titi ba na shiga lissafin canjin yuro. Ba don littafin ba, da a nan zancen ya mutu.

Wanda ya koya mini wannan tsari Ezra ne, a sura ta 8. Kafin ya kwashi jama'a daga Babila zuwa Urushalima ya tsayar da su a bakin kogin Ahawa, ya sa aka yi azumi ana roƙon hanya mai lafiya, don ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya bayan ya riga ya gaya masa Allahnsu yana kiyaye masu nemansa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika yin wa'azi a kai ba shi ne abin da ya biyo baya: ya auna azurfa da zinariya, ya ƙirga, ya danƙa wa mutane amintattu, da aka isa kuma aka sake aunawa aka rubuta. Azumi da sikeli tare ya riƙe su. Kai ma haka. Fasfo, wasiƙar wurin horo, takardar inshorar lafiya, adireshin masauki da katin rigakafin shawara su zauna a jakar hannu, ba a babban akwati ba, ka kuma ɗauki hotonsu ka ajiye a waya. Duba nauyin da aka rubuta a tikitinka, nawa kilo 23 ne kowane akwati, ka auna a gida. Na ga mata tana zazzage kaya a tsakiyar filin jirgin Abuja, ga barkono ga atamfa a ƙasa, tana cewa Shaiɗan ne. Ba Shaiɗan ba ne, sikeli ne ba ta nema ba.

Sai kilishi. Goggo ta kawo mini ƙunshi guda da gwangwanin dambun nama, ta ce ta ji labarin abincin Turawa ba ya riƙe ciki. Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu ba, in an kama za a ƙwace, ana iya cin tara ma. Na yi mata bayani, ta ce ita ba ta taɓa jin ƙasar da ake tsoron kilishi ba. Daren da zan tafi muka baje shi a faranti duk gidan aka ci. Ƙuli-ƙuli da garin rogo suka maye gurbinsa a akwati.

Bar baikon godiyarka a gida kafin ka tafi

Wannan shawarar na fi so ka riƙe. Kafin ka tashi, sa abin da ka yi niyyar bayarwa a ambulan, ka rufe, ka ba Mama ko wani dattijo da ka amince da shi, ka ce in an ji saukarka a kai coci Lahadi mai zuwa. Dalilina biyu ne. Na farko, makonnin farko ba ka da asusun banki a can, aiko da kuɗi gida wahala ne. Na biyu kuwa, da ka fara sayen burodi da yuro kana mayar da shi naira a ka, hannunka zai ƙanƙame. Mutumin da ya yi alkawari da zuciya ɗaya a Zariya ba shi ne wanda yake tsaye gaban kanti a Stuttgart yana danna kalkuleta ba.

Yakubu ya yi wa'adi a Betel yana kan hanyar gudu: in Allah ya kiyaye shi, ya ba shi ci da sutura, ya dawo da shi lafiya, zai ba da ɗaya bisa goma. Ya shekara 20 a gidan Laban. Ko da ya dawo ƙasar ma sai da Allah ya ce masa tashi ka tafi Betel. In kakanmu na bangaskiya sai da aka tuna masa, ni wane ne. Kuma ba cinikin kasuwa nake nufi ba, a ce Allah ka ba ni biza in ba ka kaza. Yawan abin da ke ambulan ba shi ne magana ba. Nawa bai kai kuɗin takalmin da na saya don tafiyar ba, na faɗa ne don kada wani ya ji nauyi.

In za a yi maka addu'ar sallama, ko a coci ko a tsakar gida, rubuta sunayen waɗanda suka zo a shafi na biyu. Za ka bukace su.

A hanya

Kada ka tara godiya sai ka isa. Bawan Ibrahim da aka aika neman wa Ishaku mata, a bakin rijiya ya sunkuya ya yi sujada, tun bai shiga gidan su Rifkatu ba, tun ba a ce an ba shi ba. Zango ɗaya aka kai shi, ya gode a kan zangon.

Nawa zangon farko Idu ne. Tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, Mama ta fi tsoron wannan ɗan tsakanin fiye da sa'o'i shida da zan yi a sararin sama. Da ƙafata ta taɓa dandamali na ce "Na gode, Uba" a zuci, na tura mata saƙo. Na sake faɗa da na zauna a kujerar jirgi, da aka buga hatimi, da akwatuna suka fito. Kalma uku ce, ba ta bukatar rufe ido, kuma don Allah kada ka rufe ido a layin shige da fice.

A filin jirgin Frankfurt akwai ɗakunan addu'a na addinai daban-daban, bi alama za ka samu na Kirista. Na shiga na zauna minti goma na karanta Zabura 121, wadda Baba ya karanta mini a ƙofar gida, mai maganar kiyaye fitarka da shigarka. A gida na ji ta kamar rakiya. A can na ji ta kamar rasit.

Wa za ka fara kira

Intanet ɗin filin jirgin kyauta ne, saboda haka ba ka da hujjar cewa sai ka sayi layi. Kira mahaifiyarka ko wanda ya tsaya a matsayinta kafin ka sa hoto ko ɗaya a Facebook. Babu abin da ya kai ciwo kamar uwa ta kwana a kan gwiwa ta ji saukar ɗanta a bakin maƙwabciya.

Daga nan buɗe shafi na biyu. A jirgin ƙasa daga filin jirgin zuwa Stuttgart, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci, na bi sunayen nan ɗaya ɗaya. Kada ka tura saƙo guda ga kowa da kowa, ana ganewa. Dattawa kuma murya suke so su ji: yi musu saƙon murya a WhatsApp da Hausa, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce "Baba, na sauka lafiya, Allah ya ji addu'arku". Shugabar zumuntar mata ta kunna nawa a taronsu na mako, aka ce har guɗa aka yi.

A jerin nawa akwai maƙwabcinmu, Musulmi ne, wanda ya fito daga sallar asuba ya ɗauke ni a motarsa har Kaduna, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ce "Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da abin arziki". Shi na kira na uku. Bulus da yake kan hanyar Roma a ɗaure, 'yan'uwa suka fito suka tarye shi, da ya gan su ya gode wa Allah ya yi ƙarfin hali. Mutane ya gani, Allah ya gode wa. Wanda ya gode wa Allah ya tsallake direban da Allah ya aiko, ni dai ban san irin tasa godiyar ba.

Daren farko da makon da ke biye

Kafin ka kwanta, komai gajiya, ɗauko littafin ka bi jerin da biro. Wanda aka amsa ka sa masa alama da kwanan wata. Cikin 14 nawa, 11 na yi wa alama a daren nan, har da na amai. Ganin su a jere ya sa na yi abin da ban yi a filin jirgi ba, na durƙusa a gaban gadon da ko zanin gado babu na yi kuka. Sauran ukun ka bar su a buɗe, kada ka yi wa Allah ƙaryar cewa an gama.

Yi wannan a daren farko, don daga washegari ƙorafi yake karɓar fili. Ni ranar Asabar na sauka, ban san kantuna a Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi ba. Na wayi gari ba burodi ba shayi. Garin rogo na jiƙa da ruwan famfo, na gutsura ƙuli-ƙuli, ina kallon ruwan sama ta taga ina tambayar kaina wa ya aike ni. Sai na tuna Bulus a jirgin ruwa cikin hadari, mutum 276 sun yi kwana 14 ba su ci abin kirki ba, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu. Ni ko hadari babu, rashin tambaya ne kawai. Na yi addu'a a kan garin rogon, amma ba zan ce da fara'a ba.

Cikin kwana 14 da shiga masauki dole ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, da takardar shaida daga mai gidan. A nan za a tambaye ka addini. Ka san abin da amsar take jawowa: wanda aka rubuta ɗan cocin Katolika ko babbar cocin Furotesta ta ƙasar ne, ana cire masa harajin coci, kashi 8 cikin 100 na harajin da yake biya a kan albashi a jihar da na zauna da kuma Bavariya, kashi 9 a sauran jihohi. Na harajin ne fa, ba na albashin ba. Faɗi gaskiyar cocin da kake, ka tambayi ma'aikacin yadda za a rubuta.

Lahadi ta gaba ka nemi coci ko da ba ka jin yaren. Tawa ta faɗo a Lahadin farko ta Oktoba, ranar da suke godiyar kaka. Na shiga na tarar an jera kabewa da dankali da tuffa da damin alkama a gaban bagade, sai na tuna namu na gida, da buhunan masara da kaji ɗaure da ƙafa suna kuka ana wa'azi. Sujadar sa'a ɗaya ce cif. Babu ganga, babu rawa zuwa gaban akwatin baiko, babu wanda ya ce mai shaida ya fito. Da farko na ji kamar an hana ni wani abu. Amma da aka zo Addu'ar Ubangiji na gane ta daga yadda take tafiya, suna yi da Jamusanci ina bi da Hausa ƙasa-ƙasa, muka kai Amin tare. Na jefa yuro biyu a baiko. A nan na yi tawa shaidar, ba wanda ya ji.

Shaidar da za a karanta a gida

In za ka aika a karanta a cocinku, rubuta ta da kanka, ka taƙaita. Kada ka bar wa ɗan'uwa mai zaƙin baki, zai mayar da horon wata shida ya zama an naɗa ka darakta. Ka tuna kuma da waɗanda ke zaune a benci. Abokina da muka nemi irin wannan dama tare an hana shi biza, ya fi ni addu'a, ya fi ni maki, kuma yana cikin mawaƙa a ranar da aka karanta tawa. Shaidar da za ta sa shi jin cewa Allah ya zaɓe ni ya bar shi ba godiya ba ce, gori ne da aka sa wa rigar coci.

Ga abin da na rubuta, kusan kalma da kalma: "Ina gaida Rabaran, da dattawa, da iyayena mata, da dukan ikilisiya. Kun roƙa mini hanya, Ubangiji ya ba da hanya. Na sauka lafiya, na samu ɗaki, na fara aiki. Ba don na fi kowa ba ne. Ku ci gaba da tunawa da ni, ku tuna da 'yan'uwa da suke jiran tasu amsar." Ban sa sunan gari ba, ban sa alawus ba.

Wata magana da nake ji a irin waɗannan shaidu tana ɓata mini rai: "Allah ya fitar da ni." Daga ina? Masu sauraronka a nan suke zaune, nan kuma za ka dawo. Horo ka je, bizarka tana da ranar ƙarewa. Na san masu cewa Allah ne ya buɗe ƙofa, saboda haka in wa'adi ya cika sai su ɓace cikin gari. Ban ga yadda za ka gode wa Allah a kan takardar da aka ba ka bisa alkawari, sannan ka karya alkawarin ba. Ban da haka kana rufe ƙofar ga ƙanenka da zai nema baɗi.

Sauran godiyar a wurin aiki ake yinta, ba ta da wani asiri. Ƙarfe takwas a can ƙarfe takwas ne. Wanke kwalaben gwaji ko ƙirga ƙwayar alkama ɗari-ɗari a faranti ba ƙasƙanci ba ne, abin da ka roƙa ne aka ba ka. A watan Disamba wani sabon ɗalibi ya zo daga Kenya, na je tasha na tarye shi da rigar sanyi ta aro da burodi da shayi, don shi ma ranar Asabar ya sauka.

In ka dawo

Takardar lambar akwati da aka manna mini a Abuja tana nan cikin Littafi Mai Tsarki nawa, a kan Zabura 121. Sama'ila dutse ya kafa ya kira shi Ebenezer, wato dutsen taimako, ni abin da na samu ke nan. Ajiye wani abu irin wannan, ƙarami, wanda hannunka zai riƙa cin karo da shi.

Kafin ka taso, buɗe sabon shafi don hanyar dawowa, ita ma hanya ce. In ka iso kuma, kada ka zauna a gida kana jiran a zo yi maka barka da zuwa. Ɗauki shafi na biyu ka bi gidajen da ƙafarka, ko da cakulan ɗaya ne a hannunka. Kwana uku na yi ina zagaya Wusasa. Gidan Goggo na bari ƙarshe don na san ba a fita da wuri. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, dama ta faɗa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin kilishi a takarda, ta ajiye a gabana.

"Zauna ka ci," in ji ta. "Nan babu mai ƙwacewa."